Gina kompailan ARM da hannu: daga ina fayilolin .h na laburaren C suke fitowa?

Sadiƙ_M4:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san GCC ciki da bai.

Ina so in gina kompaila mai ƙetarawa, wanda zai zauna a kan kwamfutar x86_64 mai Debian amma ya riƙa fitar da lambar da STM32F407 ke ganewa, wato Cortex-M4 mai FPU, filash MB 1, RAM KB 192. Na san Arm na raba nasu a shirye, amma aikin yana buƙatar a iya sake gina kayan daga tushe da sigogin da muka zaɓa: binutils 2.42, GCC 13.2.0, da newlib 4.4.0, wato laburaren C na ƙananan na'urori irin wannan.

binutils ya ginu lafiya lau. GCC kuwa, da na ba shi `--target=arm-none-eabi --enable-languages=c,c++` na buga `make`, ya yi nisa sosai sannan ya tsaya da wannan:

`configure: error: Link tests are not allowed after GCC_NO_EXECUTABLES`

Na girka abin da ya riga ya ginu da `make install-gcc`, na gwada ƙaramin fayil mai `#include <stdint.h>`, sai ya ce `stdint.h: No such file or directory`, alhali ga `stdint.h` nan ina ganinsa a cikin foldar GCC ɗin. Da na kwafo `/usr/include` zuwa `arm-none-eabi/include` sai kuskuren ya koma `bits/libc-header-start.h: No such file or directory`.

Wa ke da alhakin kawo fayilolin .h, GCC ne ko newlib? Idan newlib sai da kompaila ake gina shi, kompaila kuma yana neman fayilolin newlib, da wanne ake farawa? Sannan daga baya akwai wani allo mai Cortex-A7 da Linux a kai. Wannan kompailan zai yi masa?

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, Sadiƙ. Kafin komai, goge abin da ka kwafo daga `/usr/include`, kada ka bar ko fayil ɗaya. Waɗannan na glibc ne, laburaren C na Linux, da aka gina wa x86_64. A can `long` bayit 8 ne, a ARM ɗinka bayit 4. A can `errno` yana komawa `*__errno_location()`, a newlib `*__errno()`. `stdout` na newlib ma ba wani abu ne mai zaman kansa ba, fili ne a cikin `struct _reent`. Ko ka bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, na gaba zai zama `gnu/stubs-32.h`, kuma ko ka rufe bakinsu duka, abin da zai fito ba zai dace da `libc.a` ɗinka ba. Fayil na .h awon laburaren da aka gina ne. Kai wa tela awon wani ka ce ya ɗinka maka, dole rigar ta ƙi shiga.

Fayilolin kashi biyu ne. GCC ke kawo waɗanda ba su dogara da laburare ba, sai da yadda kompailan kansa ke kallon na'urar: `stddef.h`, `stdarg.h`, `stdbool.h`, `float.h`, `iso646.h`, `stdalign.h`, `stdnoreturn.h`, da na ARM irin su `arm_acle.h`. Suna zaune a `lib/gcc/arm-none-eabi/13.2.0/include`. Newlib ke kawo `stdio.h`, `stdlib.h`, `string.h`, `math.h`, `errno.h`, `time.h` da duk foldar `sys`. Guda biyu ne suke na tarayya, `stdint.h` da `limits.h`. Buɗe `stdint.h` na GCC ka gani, layuka kaɗan ne: idan `__STDC_HOSTED__` ya zama 1 sai ya yi `#include_next <stdint.h>`, ma'ana ya nemi wani mai irin sunansa a folda ta gaba, idan ba haka ba ya ɗauki `stdint-gcc.h`. Na gaban ne bai samu ba, ba na GCC ba. Ƙara `-ffreestanding` a gwajin naka, kuskuren zai ɓace nan take.

Na `GCC_NO_EXECUTABLES` kuma, `make` kai tsaye yana wucewa har libstdc++, shi kuma `configure` nasa yana gwada haɗa ƙaramin shiri don ya ga abin da laburaren C ke da shi. Babu `crt0.o`, babu `libc.a`, haɗin ya faɗi. Shi ya sa ake gina GCC sau biyu. Na farko guntu ne, aikinsa kawai ya gina newlib.

A Debian ka tabbatar akwai `build-essential`, `bison`, `flex`, `texinfo` da `gawk`. Kowane mataki ya sami sabuwar folda tasa a wajen foldar tushe. GCC ba ya lamuntar a gina shi cikin tushensa.

```
export TARGET=arm-none-eabi
export PREFIX=$HOME/opt/arm
export PATH=$PREFIX/bin:$PATH
unset CPATH C_INCLUDE_PATH LIBRARY_PATH LD_LIBRARY_PATH

../binutils-2.42/configure --target=$TARGET --prefix=$PREFIX \
  --with-sysroot=$PREFIX/$TARGET --disable-nls --disable-werror
make -j4 && make install
```

Shiga foldar tushen GCC ka buga `./contrib/download_prerequisites` sau ɗaya, ya sauko da GMP, MPFR da MPC waɗanda suka dace da sigar. Sai GCC na farko:

```
../gcc-13.2.0/configure --target=$TARGET --prefix=$PREFIX \
  --with-sysroot=$PREFIX/$TARGET --with-native-system-header-dir=/include \
  --enable-languages=c --with-newlib --without-headers \
  --disable-shared --disable-threads --disable-libssp --disable-nls \
  --with-multilib-list=rmprofile
make -j4 all-gcc && make install-gcc
```

`--with-newlib` tare da `--without-headers` su ne ke kunna `inhibit_libc`, wanda ke gaya wa GCC kada ya nemi komai daga laburaren C tukuna. `all-gcc` kuma yana tsayar da shi kafin ya kai inda ya faɗi maka.

Yanzu newlib:

```
export CFLAGS_FOR_TARGET="-g -O2 -ffunction-sections -fdata-sections"
../newlib-4.4.0.20231231/configure --target=$TARGET --prefix=$PREFIX \
  --disable-newlib-supplied-syscalls --enable-newlib-io-long-long \
  --enable-newlib-io-c99-formats --enable-newlib-retargetable-locking
make -j4 && make install
```

Idan ka ga `arm-none-eabi-cc: command not found`, `PATH` ne bai ɗauki `$PREFIX/bin` ba lokacin da `configure` ya gudana, yawanci don an buɗe sabuwar taga. Gyara `PATH`, goge foldar, sake daga `configure`. Lura kuma `CFLAGS_FOR_TARGET` ne, ba `CFLAGS` ba. Na biyun na kwamfutarka ne. `-ffunction-sections` ɗin nan shi zai ba linka damar zubar da abin da ba ka kira ba idan ka sa `-Wl,--gc-sections`, kuma sai a wannan matakin ake sa shi, ba bayan an gama ba.

A nan ne fayilolin .h ke fitowa, daga `make install`. Kada ka ce za ka gajarta hanya ka kwafo su daga `newlib/libc/include`. `newlib.h` ba ya cikin tushe a shirye, `configure` ne ke ƙirƙiro shi daga zaɓuɓɓukan da ka ba shi, sannan wasu fayilolin na ARM suna hawa kan na gama-gari lokacin girkawa.

Na ƙarshe, GCC cikakke a sabuwar folda. Kada ka koma ta farko, `config.cache` nata yana riƙe da amsoshin lokacin da babu laburare. Zaɓuɓɓukan nan dai ne, sai dai ka cire `--without-headers`, ka mai da harsunan `c,c++`, ka buga `make` da `make install` gaba ɗaya. Idan ya mutu da `Killed signal terminated program cc1plus`, RAM ce ta ƙare, rage `-j`. Da RAM GB 8 kada ka wuce `-j4`.

Idan ka gama, wannan zai nuna maka inda yake neman fayiloli:

```
echo | arm-none-eabi-gcc -xc -E -v -
```

Layuka uku ya kamata ka gani: `include` na GCC, `include-fixed`, sannan `arm-none-eabi/include`. Ganin `/usr/include` a jerin alama ce wani abu ya ɓaci.

Sadiƙ_M4:

Allah ya saka da alheri, Malam. Na bi matakan, `stdint.h` da `stdio.h` duk sun samu, jerin ma layuka uku ne. Abu ɗaya na canza: a madadin `--with-multilib-list=rmprofile` na sa `--disable-multilib` don ginin ya yi sauri, tunda cif iri ɗaya gare ni. Yanzu idan na zo haɗawa da `-mcpu=cortex-m4 -mthumb -mfloat-abi=hard -mfpu=fpv4-sp-d16` linka na cewa:

`error: main.o uses VFP register arguments, libc.a(...) does not`

Idan na koma `-mfloat-abi=soft` yana haɗuwa, amma allon yana faɗawa HardFault kafin a kai `main`. Ga kuma `undefined reference to _sbrk` da `_write` duk lokacin da na kira `printf`.

Injiniya Bilkisu:

Sadiƙ, matsalolin biyu na farko tushensu ɗaya, kuma `--disable-multilib` ɗin ne. Buga wannan:

```
arm-none-eabi-gcc -mcpu=cortex-m4 -mthumb -mfloat-abi=hard \
  -mfpu=fpv4-sp-d16 -print-multi-directory
```

A wurinka ɗigo ɗaya zai fito. A ginin da ya dace `thumb/v7e-m+fp/hard` ne zai fito. Da ka kashe multilib, wato gina laburaren sau da yawa don cif iri-iri, ba tare da ka faɗi cif ɗin ba, an gina `libc.a` da `libgcc.a` guda ɗaya tak a kan abin da GCC ke ɗauka idan ba a ce masa komai ba: tsohon ARM mai umarnin bit 32, lissafin lambobi masu ɗigo kuma ba da FPU ba. Lambarka tana miƙa `float` a rajistocin `s0`, `s1`, laburaren yana jiran sa a `r0`, `r1`; linka ya karanta alamomin da ke cikin fayilolin ya ƙi. Da ka koma `soft` wannan saɓanin ya kau, sai ya bar na biyu wanda linka sau da yawa ba ya hanawa: Cortex-M ba ya gane umarnin ARM sam, Thumb kaɗai ya sani. Lambar farawa tana kiran `__libc_init_array` kafin `main`, tsallen ya nemi cif ɗin ya shiga yanayin ARM, ya faɗi. Karanta rajistar CFSR a `0xE000ED28`, za ka tarar bit 17, INVSTATE, a kunne.

Hanya biyu gare ka. Ko ka koma `rmprofile`, wanda ke nan tun GCC 7, yana gina laburaren sau fiye da 20 don Cortex-M0 har zuwa M55, shi ya sa yake cin sa'o'i. Ko ka bar `--disable-multilib` ɗinka ka ƙara masa `--with-cpu=cortex-m4 --with-mode=thumb --with-float=hard --with-fpu=fpv4-sp-d16` a ginin GCC duka biyu, ka sake newlib a tsakani. Ba a haɗa waɗannan da `--with-multilib-list`, `configure` zai ƙi. Ni a ganina ta biyun ta fi maka idan da gaske F407 kaɗai za ka taɓa. Amma ranar da STM32F103 ya shigo aikin, Cortex-M3 ne, ba shi da FPU, wannan kompailan zai ba shi laburaren da ba zai iya gudanarwa ba.

`_sbrk` da `_write` ba kuskuren gini ba ne. Malam Habu ya sa ka ba da `--disable-newlib-supplied-syscalls`, kuma daidai ne, domin newlib bai san inda UART ɗinka yake ba. Kai za ka rubuta su: `_write` ya tura bayit zuwa USART, `_sbrk` ya riƙa yanko memori daga alamar `end` ta fayil ɗin linka ya kuma mai da `-1` da `ENOMEM` idan ya kusa taɓa stak. Sauran, `_read`, `_close`, `_lseek`, `_fstat`, `_isatty`, `_exit`, `_kill`, `_getpid`, `--specs=nosys.specs` zai cike maka su da na wofi. A F407 kada ka sa yankin `malloc` a KB 64 na CCM da ke `0x10000000` idan akwai yiwuwar ka miƙa wa DMA abin da ka yanko. DMA ba ya kaiwa can.

Akwai abin da nake so ka sani tun yanzu, don shi ne wurin da fayilolin .h suka fi cutar da mutane ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ba da jimawa ba za ka ga `printf` na cikakken newlib ya yi maka nauyi, ka so ɗan ƙaramin da ake kira nano. Shi ba wani laburare daban ba ne, newlib ɗin nan ne aka sake ginawa da `-Os` da waɗannan:

```
--enable-newlib-nano-malloc --enable-newlib-nano-formatted-io
--enable-newlib-reent-small --enable-lite-exit
--enable-newlib-global-atexit --disable-newlib-fvwrite-in-streamio
--disable-newlib-fseek-optimization --disable-newlib-wide-orient
--disable-newlib-unbuf-stream-opt
```

Ka girka shi a wata `--prefix` ta wucin gadi, kada ya hau kan na farko. Sannan ka kwafo `libc.a` da sunan `libc_nano.a`, `libg.a` da sunan `libg_nano.a`, kowanne zuwa foldar multilib tasa. Abin da ake mantawa shi ne `newlib.h` na wannan ginin, wanda dole ya tafi `arm-none-eabi/include/newlib-nano/newlib.h`. Fayil ɗin `nano.specs` yana ƙara `-isystem =/include/newlib-nano`, kuma alamar `=` ɗin tana nufin sysroot, wato foldar da kompaila ke neman fayilolin .h da laburaren na'urar a ƙarƙashinta, shi ya sa Malam ya sa maka `--with-sysroot` tun farko.

Dalilin damuwar: `--enable-newlib-reent-small` yana sa `_WANT_REENT_SMALL` a cikin `newlib.h`, shi kuma yana canza girman `struct _reent` da jerin filayensa. Idan ka sa `--specs=nano.specs` a wurin haɗawa kaɗai, ka manta shi a wurin tara fayilolin .c, lambarka za ta auna tsarin da `newlib.h` na babba, laburaren kuma da na ƙarami. Babu gargaɗi ko ɗaya. A ƙaramin shiri mai yiwuwa ba ka ga komai ba, amma FreeRTOS da `configUSE_NEWLIB_REENTRANT` yana ajiye `struct _reent` guda a cikin kowane aiki, ya cika shi da `_REENT_INIT_PTR` daga fayil na .h, daga nan sai ka ga `printf` ko `strtok` suna karanta filin da ba nasu ba. Sa `--specs=nano.specs` a `CFLAGS` da `LDFLAGS` duka. Don tabbatarwa, ƙara `-H` a tara fayil ɗaya ka duba wane `newlib.h` ya buɗe. Kuma nano ba ya buga `%f` sai ka ƙara `-u _printf_float`.

Ƙaramin abu: a wannan kompailan `int32_t` ainihinsa `long int` ne, don haka `%d` zai kawo gargaɗi. Yi amfani da `PRId32` na `inttypes.h`.

Usman_kanel:

Bari in ɗauki tambayar ƙarshe, ta Cortex-A7. A'a, `arm-none-eabi` ba zai yi wa shirye-shiryen da ke gudana a kan Linux ba. Zai iya gina U-Boot da kanel ɗin kansa, don su ba sa taɓa laburaren C, amma newlib ɗinka bai san kiran kanel ba, bai san `pthread` ba, bai san fayilolin `.so` ba. Kana buƙatar na biyu, `arm-linux-gnueabihf` idan glibc ne, `arm-linux-musleabihf` idan musl ne, wani laburaren C na Linux mai sauƙin nauyi.

A nan fayilolin .h kashi uku ne, don na kanel sun shigo, kuma su ake fara girkawa tunda ba sa buƙatar kompailan ARM:

```
make ARCH=arm INSTALL_HDR_PATH=$SYSROOT/usr headers_install
```

Yana buƙatar `rsync`. Wannan umarnin yana tsamo sashen `uapi` kaɗai, ya cire abin da ke na cikin kanel, ya gina foldar `asm` daga ta ARM. Kwafo `include/linux` da hannu ba ya maye gurbinsa. Kuma kada a yi shi a kan faifan da ba ya bambance babban baƙi da ƙarami, irin `/mnt/c` a WSL: akwai `xt_CONNMARK.h` akwai `xt_connmark.h`, fayiloli biyu ne daban, ɗaya zai danne ɗaya.

Bayan binutils da waɗannan, GCC na farko yana ɗaukar `--with-newlib --without-headers` kamar na Malam Habu. Kada sunan ya ruɗe ka, babu newlib a nan, `inhibit_libc` kawai ake nema. Ƙara `--with-cpu=cortex-a7 --with-fpu=neon-vfpv4 --with-float=hard`, da `--with-glibc-version=2.39`, ka kashe `libatomic`, `libgomp`, `libquadmath`, `libssp` da `libstdcxx`, sannan wannan karon `make all-gcc all-target-libgcc`, domin glibc yana haɗa `.so` kuma yana buƙatar `libgcc.a`. Tsofaffin bayanai za su ce ka gina GCC sau uku, ka girka fayilolin .h na glibc su kaɗai, ka ƙirƙiri `libc.so` na bogi da `crt1.o`, `crti.o`, `crtn.o` da `stubs.h` na wofi. Tun glibc 2.16 an daina buƙatar haka, sau biyu ya isa.

```
../glibc-2.39/configure --host=arm-linux-gnueabihf \
  --build=$(../glibc-2.39/scripts/config.guess) --prefix=/usr \
  --with-headers=$SYSROOT/usr/include --enable-kernel=4.19
make -j4 && make DESTDIR=$SYSROOT install
```

Abubuwa uku a cikin waɗannan layukan suna da haɗari. A glibc `--host` ake ba sunan ARM, ba `--target` ba, domin shi kansa a kan allon zai gudana. `--prefix=/usr` wurin da zai zauna ne a kan allon, `DESTDIR` ne ke karkatar da shi zuwa sysroot; wanda ya manta `DESTDIR` yana matsayin root zai zuba fayilolin ARM a kan tsarin kwamfutarsa. Kada ka yi wannan aikin da `sudo` ko kaɗan. Shi kuwa `--enable-kernel`, mafi tsufan kanel ne da aka gina laburaren ya yi aiki a kai. Duba `uname -r` a kan allon tukuna. Idan ka ba da lambar da ta fi ta allon, glibc na kafin 2.36 yana kashe kowane shiri da `FATAL: kernel too old`; daga 2.36 an cire wannan binciken, amma laburaren zai ɗauka kanel ɗin yana da kiran da wataƙila ba shi da su. Game da sigar fayilolin .h na kanel, glibc ya iya ja da baya idan sabon kira bai samu ba, amma shirinka bai iya ba, don haka na fi son a ɗauki sigar da ke kan allon.

Akwai wata matsala ta `limits.h` da ke da wuyar ganowa. Lokacin gina GCC ana duba ko sysroot yana da `limits.h`. Idan yana da shi, GCC ya haɗa nasa daga `limitx.h`, `glimits.h` da `limity.h`, wanda ke yin `#include_next` zuwa na glibc. Idan babu, kamar a GCC na farko, sai ya girka `glimits.h` shi kaɗai, wanda ba ya leƙa na kowa. Alamar ita ce `PATH_MAX undeclared` alhali ka sa `#include <limits.h>`. GCC na biyu da aka gina a sabuwar folda bayan glibc yana gyara wannan da kansa. Idan ka ga alamar bayan an gama, to an sake amfani da tsohuwar folda ne.

Sauran saƙonnin da za ka iya haɗuwa da su a kan hanya: `gnu/stubs-soft.h: No such file` yana nufin an gina glibc da `hard` kai kuma kana tarawa da `soft`. Idan shirin yana kan allon amma ya ce `No such file or directory`, `readelf -l` zai nuna yana neman `/lib/ld-linux-armhf.so.3` allon kuma `/lib/ld-linux.so.3` gare shi, wato tsarin allon ba `hf` ba ne. `GLIBC_2.34 not found` kuma yana nufin glibc ɗin allon ya girmi 2.34, duk shirin da aka haɗa da 2.34 ko sama yana neman `__libc_start_main` na wannan sigar. Idan ba kai za ka gina duka tsarin allon ba, dole sigar glibc ɗinka ta zama daidai da ta allon ko ƙasa da ita.

Ka yanke shawarar `time_t` tun yau. A ARM mai bit 32, na glibc bit 32 ne sai in ka ce a'a, kuma zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038. Tun glibc 2.34 ana mai da shi 64 da `-D_TIME_BITS=64 -D_FILE_OFFSET_BITS=64`, amma a fayil na .h ake yin zaɓin, don haka duk laburaren da ke musayar `time_t` ko `struct stat` da shirinka sai an gina shi da irin zaɓin. musl tun 1.2.0 a 2020 ya mai da shi 64 ga kowa. Ga sabon allo da za a girka a bar shi shekaru, wannan kaɗai ya isa ya sa in karkata ga musl, muddin babu wani laburaren kamfani da aka ba ka a rufe wanda aka haɗa da glibc.

Injiniya Bilkisu:

Malam Usman ya kawo komai, amma na Linux ɗin ba zan ba Sadiƙ shawarar ya riƙa yi da hannu ba. Na STM32 matakai huɗu ne, mutum na iya riƙe su a ƙaramin fayil na `sh`. Na Linux kuwa crosstool-NG, kayan aikin da ke gina kompaila mai ƙetarawa da kansa, ya fi: `ct-ng list-samples`, ɗauki wanda ya fi kusa, `ct-ng menuconfig` ka kafa sigogin, `ct-ng build`. Fayil ɗin `.config` shi ne shaidar abin da aka gina, a ajiye shi tare da lambar aikin. Kunna `CT_DEBUG_CT_SAVE_STEPS`, don in wuta ta ɗauke a tsakiyar gini ka ci gaba da `RESTART=` daga matakin da ya tsaya. Idan kuma kai za ka gina tsarin allon gaba ɗaya, bar Buildroot ya gina kompailan da laburaren tare, matsalar `GLIBC_2.34` ba za ta taso ba.

Malam Habu:

Na yarda da Injiniya a kan na Linux, da sharaɗi ɗaya: crosstool-NG yana kare ginin kompailan ne kawai, ba ya kare abin da za ka gina da shi daga baya. `/usr/include` ɗin da Sadiƙ ya kwafo da hannu yana iya dawowa ta ƙofar baya. `pkg-config` na kwamfutarka zai amsa wa `configure` da `-I/usr/include/...` da `-L/usr/lib/x86_64-linux-gnu` idan ba a hana shi ba. Kafa `PKG_CONFIG_SYSROOT_DIR=$SYSROOT` da `PKG_CONFIG_LIBDIR=$SYSROOT/usr/lib/pkgconfig:$SYSROOT/usr/share/pkgconfig`, ka share `PKG_CONFIG_PATH`. A CMake, cikin fayil ɗin kayan aiki, sa `CMAKE_SYSROOT`, sannan `CMAKE_FIND_ROOT_PATH_MODE_INCLUDE` da `CMAKE_FIND_ROOT_PATH_MODE_LIBRARY` su zama `ONLY`, `CMAKE_FIND_ROOT_PATH_MODE_PROGRAM` ya zama `NEVER`.

Na STM32 kuma, Sadiƙ, idan CMake za ka yi amfani da shi, sa `CMAKE_SYSTEM_NAME` ya zama `Generic`, da `CMAKE_TRY_COMPILE_TARGET_TYPE` ya zama `STATIC_LIBRARY`. In ba haka ba CMake zai gwada haɗa ƙaramin shiri don ya tabbatar kompailan na aiki, haɗin ya faɗi a kan `_exit`, ya ce maka kompailan ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Bayan ka sake ginin da zaɓuɓɓukan da Injiniya ta ba ka, buga `arm-none-eabi-readelf -A` a kan `libc.a`, ka tabbatar kana ganin `Tag_CPU_arch: v7E-M` da `Tag_ABI_VFP_args: VFP registers` kafin ka ɗora komai a kan allon.